Sojan tangaram da soja mai rai

Kun san jeren ɗakin amarya: kwanoni da tasoshi bisa juna, ba a cin tuwo cikinsu, ido kawai ke morarsu. To, a Turai akwai masu irin wannan jere, amma na ƴan mutum-mutumin sojan dā. Da tangaram ake yin su, farar lakar nan da ake gasawa har ta yi ƙyalli. Ga hula, ga takobi, ga doki ya ɗaga ƙafa. Wanda ya fi tsufa shi ya fi tsada.

Shin akwai laifi cikin wannan sha'awa? Kafin ku amsa, ku ji labarin Ogusta, sarkin Sakis, cikin ƙasar Jamus ta yanzu. Shi ya kafa gidan gasa tangaram na Maisan a 1710. Son tangaram ya kama shi kamar ciwo. A 1717 ya yi musaya da sarkin Furusiya: ya ba da sojan doki 600, aka ba shi tukwane da tuluna 151 na ƙasar Sin. Ku yi lissafi da kanku. Wajen mutum huɗu ke nan a kan tukunya guda.

Wani zai ce: ai ba kashe su aka yi ba, ubangida suka sake, kuma sarakunan zamanin sun saba ba da hayar sojojinsu. Gaskiya ne. Amma wa ya tambaye su? Kowane ɗayansu yana da uwa, yana da garin da aka yanke masa cibi. Tukunya ko ina ka ajiye ta, gida take. Mutum ba haka yake ba. A ganina ranar nan idon Ogusta ya daina rarrabe soja da kayan jere. Kuma abin mamaki, rundunar Furusiya da ya ƙara wa ƙarfi ita ce ta ci Sakis da yaƙi a 1745, zamanin ɗansa.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. Zamanin Hitila, dakarunsa na SS suna da gidan tangaram mai suna Alak. Can aka riƙa ƙera mahaya dawaki masu kayan sojan dā, kyawawa ƙwarai. Cikin masu aikin har da fursunonin sansanin Dakau, inda dubban mutane suka mutu. Aikin tilas suka yi, har 1945. Yau ana gwanjon waɗannan mahaya da kuɗi masu yawa.

Ni ban ce a farfasa su ba. Laka ba ta yi laifi ba, kuma abin da aka fasa ba ya ba da shaida. Mai jere da ke gaya wa baƙonsa hannun wa ya gasa abin, da irin wuyar da ya sha, ya riƙe amana. Wanda ke goge ƙura kawai yana yabon kyan doki, shi nake tuhuma. Sojan tangaram ba ya jin yunwa, ba ya zub da jini, ba ya bin kowa bashin fansho. Shi ya sa sonsa ba wuya.

Manyan tulunan Ogusta, farare masu zanen shuɗi, suna nan har yau a birnin Diresdan. Mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Sunan da ake kiran su da shi: tulunan sojan doki.