Hukuncin Barin Nama Ga Mai Ciwon Zuciya

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu. Bayan haka, wanda Allah Ya tashi kafaɗunsa daga bugun zuciya, likita kuma ya hana shi kitse da jan nama, yakan shiga waswasi ko ya haramta halal ne. To, abin da Suratul Ma'ida, aya ta 87, ta hana shi ne mutum ya haramta wa kansa abin da Allah Ya halatta. Barin nama don magani kuwa kiyaye rai ne, ɗaya daga cikin manufofin Shari'a biyar.

Hujjar likitoci ita ce, kitse yana ƙara kolestarol mai toshe jijiyoyin zuciya, wake da ganyaye kuwa suna taimakawa wajen rage shi. Amma bitamin B12 a nama da kifi da ƙwai da madara ake samunsa, rashinsa kuwa yana jawo ƙarancin jini, garkuwar jiki ta raunana. Saboda haka wanda ya bar su duka ya nemi ƙwayarsa wurin likita, kada kuma ya daina shan magungunansa. Ranar Layya ya yanka ya raba wa mabukata, ladansa yana nan. Allah Shi ne Masani.