Gigin Tsufa da Iyakar Taklifi a Ƙasar Haɗejiya

Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa hankali shi ne sharaɗin taklifi, wato ɗora wa mutum nauyin ibada da alhakin ayyukansa. Sai dai hankali ba kullum yake gushewa lokaci guda ba, kuma a wannan tsakanin, inda dattijo bai rasa hankalinsa ba amma bai riƙe shi duka ba, iyalai da yawa a Haɗejiya da Auyo da Guri suke rasa yadda za su yi.

Ɗaya daga cikin manyan dalilan gigin tsufa shi ne lalacewar ƙananan jijiyoyin jini da ke ratsa cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda hawan jini da ciwon suga ke kaurara bangonsu shekara da shekaru, har jinin da ke isa ga farin sashen ƙwaƙwalwa, inda saƙonni ke bi daga wani ɓangare zuwa wani, ya ragu. Wani likita mai suna Otto Binswanger ya bayyana wani nau'in wannan gigin tun 1894. Saɓanin cutar Alzheimer, wadda takan fara da mantuwa, wannan yakan fara da nauyin tunani da kasa jera ayyuka, tare da jan ƙafa da mutuwar jiki. Manomin fadama zai iya tuna sunan kowace gona da ambaliyar da ta taɓa cinye ta, amma ya kasa tsara ranar dashen shinkafa da ban ruwa. Wajen alwala ma yakan tsaya da buta a hannu bayan ya wanke fuska, bai san gaɓar da ke biye ba. Ƙoda ma da irin waɗannan ƙananan jijiyoyin jini take aiki, shi ya sa yankin da ciwon ƙoda ya addaba kamar Haɗejiya ya fi cancantar ya kula da wannan batu.

Mazhabar Malikiyya ba ta bar irin wannan mutum cikin ƙunci ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta yi bayanin wanda kokwanto ya zame masa jiki a sallah: ba a neman ya riƙa gyara, sai dai ya kau da kai daga kokwanton, ya yi sujadar ba'adi. Abin da za a fahimta shi ne nauyin yana raguwa gwargwadon raguwar iko, kuma abin da ya sauka daga wuyan dattijo yana komawa kan 'ya'yansa ne, su tsaya kusa da shi a sahu, su kula da cinikin da yake ƙullawa ba tare da sun tozarta shi ba. Zaluntarsa ake yi idan aka kira nauyin jikinsa lalaci, ko aka jingina shi ga sammu aka bar asibiti.

Akwai kuma alhakin da ke gabanin cutar. Imam Gazali ya lissafa kiyaye hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsarewa, kuma galibi haramcin giya ake kawowa misali. Binciken SPRINT MIND na Amurka, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa sauke hawan jini sosai yana rage haɗarin raunin tunani na farko. Saboda haka magidanci ɗan shekara 45 da ya je awon jini a Babban Asibitin Haɗejiya, ya rage gishiri, ya dage da shan magani ko da ba ya jin ciwon komai, aikinsa ya shiga ƙarƙashin wannan babi.