Ina Ruwan Dauɗarka Yake Zuwa?

Yau tambaya guda na zo da ita, kuma kada ku yi saurin amsawa. In mutum ya share gidansa fes, ya tura dauɗar ƙofar maƙwabcinsa, za mu kira shi mai tsabta?

Ga abin da ya kawo maganar. Wani dare a ajinmu na yaƙi da jahilci, nan Ɗan Gulbi, dattawa biyu suka zo ba su gaisa ba. Maƙwabtan juna ne, katanga ɗaya ta raba su. Ɗaya ya huda rariya a katangarsa. Ruwan wanka da na wanke-wanke ya riƙa fita lungu, yana kwanciya a ƙofar ɗayan.

Mai rariya ya ce, "Malam, gidana ne, katangata ce. Ruwa kuwa in ya fita, ba ni na aike shi ba. Gangare ya bi."

Ɗayan ya ce, "Malam, gangaren nan a ƙofata ya ƙare. Jikokina ke wasa a ciki. Sauron da ya haifa ni yake ci."

Aji ya rabu biyu. Ran nan ba mu yi lissafi ba. Na ce musu wannan gardama ta fi lungunmu girma, har manyan birane suna fama da ita.

Abin da ke faruwa a Kano

Da yawa cikinku sun je Kano cin rani. Kun san rafin Jakara, wanda ya ratsa tsohon birni ya wuce ta gefen kasuwar Kurmi. Ruwan wanka, ruwan makewayi, ruwan mayanka, duk cikinsa suke zuba. Can gaba rafin Getsi ya haɗu da shi, ɗauke da ruwan masana'antun Bompai. Daga nan sai madatsar Wasai, a ƙasar Minjibir. Kudu da birni kuma, ruwan manyan majemun Sharaɗa da Calawa yana gangarawa kogin Calawa.

Majemanmu na ƙauye da bagaruwa suke jima. Manyan majemu kuwa suna aiki da wani sinadari mai guba da ake kira kuromiyom. Masana na Jami'ar Bayero sun sha auna ruwan rafukan nan. Sun sami wannan sinadari, da dalma, da wasu ƙarafa masu cuta, a cikin ruwa da ƙasa da ganyen lambu.

To, wa ke zaune a bakin ruwan? Masu lambu ne, masu noman salati da shu da karoti. Masunta ne, da makiyaya masu shayar da dabbobi. Ba su suka ɓata ruwan ba. Amma da rani shi ne ruwan da suke da shi, kuma yana da taki, ganye yana yin kore shar. Da safe a yanki salatin a kai kasuwa. Mai gidan da ya tura ruwan ya saya, ya kai wa iyalinsa. Kun ga dauɗa ta fita ta rariya, ta komo ta zaure.

Matatar ruwan dauɗa

Maganin da birane suka samo shi ne matata, wato wurin da ake tara ruwan dauɗa a gyara shi kafin a sake shi. A ƙasashe masu rana irin tamu, hanya mai sauƙi ita ce a gina tafkuna a jere. A tafki na farko, mai zurfi, dauɗa mai nauyi take kwantawa ƙasa ta ruɓe. A na biyu, gansakuka da ƙananan halittun da ido ba ya gani suna cinye saura. A na ƙarshe, marar zurfi, zafin rana yana kashe ƙwayoyin cuta. Ruwa yakan yi makonni kafin ya fita. Laka da ta kwanta kuwa, in aka kwashe ta aka shanya ta daɗe, sai ta zama taki.

Dabara ce mai kyau. Amma ita ma matata tana da maƙwabta. Tafkin farko yana wari, iska kuma ba ta san iyakar gona ba. In aka bar ciyawa ta rufe bakin tafki, sauro ya sami gida. In babu shinge, yaro ko ɗan akuya na iya faɗawa.

Ga misali daga Wagadugu, babban birnin Burkina Faso. A 2004 aka buɗe irin wannan matata a unguwar Kosodo. Tana karɓar ruwan tsakiyar birni, da na mayanka, da na kamfanin giya. Aka yanka wa mutane filayen lambu a gefenta, don su yi ban ruwa da abin da aka tace. Niyya ce ta alheri. Amma ruwan masana'antu ya zo da wani gishiri mai kama da kanwa, wanda tafki ba ya iya cirewa. Ku manoma ne, kun san abin da kanwa ke yi wa ƙasa. Cikin ƴan shekaru ƙasar ta daskare, ruwa ya daina shiga, shuka ta ƙi. Masu lambu da dama suka bar filayensu. Tsakiyar birni ta samu tsabta, mai lambun Kosodo ya biya kuɗinta da ƙasarsa.

To, a ina za a sa ta?

Nan ne tambayar take da wuya. Akwai amsa biyu masu sauƙi, kuma duka biyun ba su gamsar da ni ba.

Wani zai ce, "Birni na da mutum dubu ɗari, maƙwabtan matata gida hamsin ne. Su yi haƙuri." Haƙuri abu ne mai kyau. Amma ku duba wanda ake roƙo ya yi shi. Kullum talakan bayan gari ne, wanda ba ya da ɗan'uwa a ofis. Ba a taɓa kai juji ƙofar attajiri ba. Haƙurin da ake ɗora wa mutum ɗaya kullum, ba tare da an tambaye shi ba, sunansa zalunci.

Wani kuma zai ce, "A gina ta ko'ina, ban da kusa da ni." Shi ma ya yi kuskure. In kowa ya faɗi haka, ba za a gina ta ba. Dauɗar kuwa ba za ta ɓace ba, sai ta bi rafi ta shiga rijiyar kowa, har da tasa. Wanda ke zuwa makewayi kullum ba shi da bakin cewa maganar dauɗa ba ta shafe shi ba.

Ni a ganina, kakanninmu sun riga sun nuna mana hanya. Ku dubi burtali. Ƙasar Dakoro ta manoma ce da makiyaya, dole dabbobi su sami hanyar wucewa. Burtali kuwa tilas ya bi gefen gonar wani. Mai gona ba ya cewa a toshe shi. Amma ana zama da shi kafin a shata. Ana sa alama kowa ya gani. In dabba ta tsallaka ta yi ɓarna, ana biya. Wanda ya ɗauki kayan gari, gari na da bashinsa a wuya.

Haka ya kamata a yi da matata, da juji, da mayanka, da makewayin kasuwa. Maƙwabcinsu yana da haƙƙi huɗu.

Na ɗaya, a tambaye shi tun kafin a sari ƙasa. Shi ya san inda iska ke kaɗawa da hunturu, da inda ruwa ke bi da damina.

Na biyu, a ba shi tazara. A yi nesa da gidaje da rijiyoyi, a yi shinge, a dasa itatuwa.

Na uku, a kula da wurin bayan an gama bikin buɗewa. A san mutumin da za a kai wa kuka, a riƙa auna ruwan, a faɗa wa mutane gaskiyar abin da aka gani. Mai masana'anta kuma ya cire gubarsa tun a gidansa, kada ya haɗa ta da ruwan jama'a.

Na huɗu, ya ci amfanin abin. In akwai aikin gadi ko shara, ɗansa ya fara samu. In akwai taki, gonarsa ta fara gani. In ya yi asara, a biya shi.

Dokar ƙasarmu ta kare muhalli, ta shekarar 1998, ta ce kafin a yi babban aiki sai an binciki illar da zai jawo. Saboda haka in aka kawo muku takarda, ku karanta kafin ku sa hannu. Inda ba ku gane ba, ku tambaya. Babu kunya a ciki.

Mu komo gida

Za ku ce, "Malam, mu ba mu da matata a Ɗan Gulbi." Gaskiya ne. Amma kowane gida yana da rariya, kuma kowace rariya tana da na ƙasa da ita. Wanda ya gina salanga kusa da rijiya, da wanda ya yi bayan gida a hanyar ruwa, da wanda ya jefa mushe a tabki, duk aikin masana'antun Bompai suke yi, nasu dai ƙarami ne.

Kada ku raina shi. A watan Yuli na 2018 cutar kwalara, wato zawo da amai, ta ɓulla a ƙasar Madarumfa, cikin jiharmu ta Maraɗi. Kafin ta lafa ta kama mutum fiye da 3,000. A 2021 ta sake dawowa ƙasarmu, ta kama fiye da 5,000. Hanyarta guda ce: kashin mai ciwo ya shiga ruwa ko abincin mai lafiya. Ba ta tambayar wa ya huda rariya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ma'aikatan lafiya suna cewa salanga ta yi nesa da rijiya da mita 30 ko fiye, kuma ta kasance ta gangare. Ruwan wanka kuwa, a gina masa kwatami cikin gida, a cika shi da duwatsu da tsakuwa, a rufe. Ƙasa za ta shanye shi. Aikin yini ɗaya ne.

Dattawan nan biyu fa? Mai rariya ya yi kwana uku yana gunaguni. Ya ce sauran gidajen lungu ma haka suke yi, don me sai shi. A nan yana da gaskiya, kuma har yanzu akwai rariyoyin da ba a toshe ba. Amma ran Lahadi ya ɗauki diga ya gina kwatami. Maƙwabcin nasa ya ɗauro amalanke ya kawo masa duwatsu. Yanzu tare suke zuwa aji da fitila ɗaya.

Gobe da safe, ɗan'uwa, in uwargida ta zubar da ruwan wanke-wanke, tashi ka bi shi da ƙafa. Ka ga inda ya tsaya, ka ga ƙofar wa ce. Daga nan sai ka amsa tambayar da na yi da farko.

Ku tattauna wannan a ajinku, ku rubuto mana abin da kuka yanke. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.