Tsoro Iri Biyu

Zongon Lome yana kusa da iyakar Gana, don haka kunnen ɗan Zongo ya saba da Turancin Ingilishi da na Faransa. A bakin mutanen Gana akan ji kalmar "awful" idan abinci ya lalace ko hanya ta yi muni. Amma asalinta ba haka yake ba. Tushenta "awe" ne, wanda Ingilishi ya aro daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai, ma'anarsa tsoro. Shekaru ɗaruruwa ana faɗinta ga abin da yake da kwarjini, wanda mutum yakan sunkuyar da kai a gabansa, har ga Allah kansa. Daga baya girmamawar ta zube, muni kaɗai ya rage.

Hausa ba ta yi wannan hasara ba tukuna. Kalma ɗaya ce, tsoro, ake faɗa wa kura, ake kuma faɗa wa Allah. Duk da haka abubuwa biyu ne dabam.

Mutanen Zongo sun ɗanɗana na farko. A shekarar 1977 hukuma ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar birni, aka mai da mazaunansa can arewa, nesa da babbar kasuwa. Wanda ya kwashe kayansa a gaban mai ƙarfi ba lalle ya yarda ba ne, ya dai ga ba shi da iko. Irin wannan tsoro yakan rufe baki, amma ba ya gyara zuciya. Ran da mai bulala ya juya baya, shi ke nan ya ƙare.

Na biyu kuwa shi ne ya riƙe cinikin Zongo tun zamanin fatake. Baƙo yakan kawo shanu daga arewa, ya sauka gidan maigidansa, a sayar bashi, ya koma gida ba takarda a hannunsa. Me zai hana maigida cin amana? Sunansa a idon jama'a, da sanin cewa akwai Mai gani ko da ba kowa a wurin. Shi ya sa Musulmi da Kirista duka sukan ce wa macuci, "Ka ji tsoron Allah."

Uban da ya koya wa ɗansa tsoron bulala kaɗai ya yi renon ɓarawo mai wayo. Wanda ya koya masa tsoron Allah kuwa yana iya ba shi mabuɗin rumbu, ya yi tafiyarsa da kwanciyar rai.