Gida Ake Kamawa Haya, Maƙwabci Fa?

Dillalin gidaje a Kano ba ya ɓata lokaci. Kuna gama gaisawa zai ce, "Malam, nawa ne a hannunka?" Daga amsarka zai san inda zai nufa da kai: ko ku fita ta Ƙofar Kabuga zuwa Janbulo da Rijiyar Zaki, ko ku miƙa Ɗorayi da Gaida, ko kuwa ya ce ka tattare riga ku shiga lungu. Mai gida kuma nasa tambayoyin daban. Kana da iyali? 'Ya'ya nawa? Mece ce sana'arka? Wa ya san ka? Kai ma za ka jero naka: akwai rijiya, ana samun wuta, mota tana shiga, ruwa yana kwanciya da damina? A haka za a ƙulla ciniki, a biya kuɗin shekara, dillali ya karɓi la'adarsa, ba wanda ya ambaci mutumin da za ku haɗa katanga da shi. Alhali daga ranar da ka sauke kaya haƙƙinsa ya hau wuyanka.

Ni a Daneji aka haife ni, a gidan da kakanmu ya gina da tubali da azara. Da aka zo rabon gado, kason da ya faɗo mini bai kai faɗin ɗaki ba. Na bar wa yayanmu, ya ba ni kuɗi, na shiga sahun 'yan haya a garin da aka binne cibiyata. Koyarwa nake yi a makarantar sakandare, kuma duk wanda ya san albashin malamin makaranta ya san zaɓina ba shi da yawa. A ƙarshen 2024 gwamnatin Kano ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 71,000, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da mutum yake ba mai adaidaita sahu safe da yamma ya isa a sa shi cikin lissafin haya. Gidan da ya yi araha a bakin gari, in ka haɗa da kuɗin zuwa aiki da na kai yara makaranta, sai ka ga arahar ta gudu.

Akwai hadisin da Ibn Hibban ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa abubuwa huɗu na jin daɗin duniya. Bayan mace ta gari, ya ambaci yalwar gida da nagartar maƙwabci da lafiyar abin hawa. Ɗan haya a Kano, in ba mai hali ba ne, da wuya ya haɗa ukun nan a unguwa guda. Yalwar gida tana bayan gari. Maƙwabcin da aka san asalinsa da halinsa yana cikin badala, inda kuma ƙafa ta isa ta kai ka kasuwannin Kurmi da Rimi da Asibitin Murtala. Dole ka saki wani ka kama wani. Abin da na daɗe ina juyawa a raina shi ne, wanne ya kamata Musulmi ya saki, kuma ko ya halatta ya biya kuɗi don ya rabu da mutane.

Ni dai ciki da falo na kama a wajajen Mandawari, a gidan da muke magidanta uku, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Lungunmu baron ɗan garuwa ne kaɗai yake shiga, in an ɗauko makara kuwa sai an karkata ta a kwana. Daren da naƙuda ta taso wa maiɗakina, ban kai ga buɗe ƙofa ba na ji sallamar tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita. Ta ji motsi ta bango, ta yafo mayafi, ta riga ta aiki jikanta ya taso mai adaidaita sahun da ke kwana a bakin titi. Ta dube ni ta ce, "Malam, kai dai ɗauko kayan haihuwa, sauran ka bar mana." Ban biya ko kwabo a kan wannan ba, kuma ba ya cikin takardar haya.

Sai dai bangon da ya kai mata wannan labari shi ne yake kai mata sauran. In muka ɗaga murya ni da iyali da daddare, kafin hantsi majalisar dakali ta san an yi. In ba a ɗora tukunya ba, an sani, in an soya nama, an sani. Ba ka isa ka zaɓi abin da bango zai tsallakar ba. Wanda yake son a ji tarinsa a kawo masa magani, sai ya haƙura a ji faɗansa. Wannan shi ne kuɗin hayar cikin birni na gaskiya, kuma da sirri ake biyansa.

Ƙanena ya ƙi biya. Da ya tashi aure ya ce mini, "Yaya, ni fa na gaji da zaman sa ido." Ya lissafa mini kwata mai wari, da sauro, da faɗan 'yan daba da ƙwacen waya, da yaran da suke tashi suna ganin ana shaye-shaye a kango. Ya kama gida a Ɗanbare, kusa da sabuwar Jami'ar Bayero, mai get da doguwar katanga da rijiyar burtsatse. Ban ga laifinsa ba, addini ma bai gani ba. Annabi ya nemi tsarin Allah daga mugun maƙwabci a mazaunin dindindin, kuma a ƙissar mutumin nan da ya kashe rayuka ɗari, wadda Buhari da Muslim suka kawo, shawarar da malamin ya ba shi ita ce ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki. Mu ma mun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Uban da ya ɗauke 'ya'yansa daga inda tarbiyyarsu za ta lalace ya sauke nauyi ne. Neman sutura ga iyali kuwa ba girman kai ba ne, don addinin da ya yi wasiyya da maƙwabci shi ne ya hana leƙe da bin diddigi.

Amma wata rana ƙanen nawa ya dawo daga aiki ya tarar an kafa rumfa an jera kujeru a gida na uku daga nasa. Magidancin ya rasu tun asuba, an yi masa sutura, an kai shi, shi bai ji ba. Da yake ba ni labari abin da ya fi damunsa shi ne ko sunan mamacin bai sani ba, sai da ya tambayi mai gadi. A nan ne na ga gudun cuta daban, gudun haƙƙi daban, ko da yake mota ɗaya take kwashe kayan masu yinsu. Wanda ya gudu daga cuta ya tsira daga gare ta in Allah ya so. Wanda ya gudu daga haƙƙi bai je ko'ina ba, don haƙƙin yana can yana jiransa a sabuwar unguwa, katanga dai ta hana shi ganinsa.

Malamai ba su bar maƙwabtaka a matsayin abin da mutum zai ɗauka in ya ga dama ba. An ruwaito daga Hasanul Basari da Auza'i cewa iyakarta gida arba'in ne ta kowace fuska, daga Sayyidina Ali kuma an ruwaito cewa duk wanda ya ji kiran sallar masallacinku maƙwabci ne. Da lasifikar zamanin nan, rabin Gwale ke nan. Nana A'isha ta tambayi wanda za ta fara ba kyauta cikin maƙwabta biyu, aka ce mata wanda ƙofarsa ta fi kusa. Ba a ce wanda ya fi kirki ba, ba a ce wanda kuke ɗariƙa ɗaya ko aƙida ɗaya ba. A Muwaɗɗa akwai hadisin da ya hana mutum ya ƙi bari maƙwabcinsa ya kafa itace a bangonsa, wanda Imamu Malik ya ɗauka a kan mustahabbi. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san abin da ake nufi, don azarar ɗakin wani a kan katangar wani take kwance. A Tunis ma, a ƙarni na 14, wani magini mai suna Ibn al-Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba rigingimun gine-gine, ya rubuta littafi guda a kan tagar da ke leƙa gidan wani, da ƙofar da ke kallon ƙofa, da magudanar ruwa, da hayaƙi. Su ne dai rigingimunmu na yau: indararon da ke zuba a gindin katangar maƙwabci a watan Agusta, da tagar bene da ta buɗe tsakar gidan mutane, da janareton da aka ajiye a bayan ɗakin kwanan wani. Cutarwa ba ta tambayar wanda yake riƙe da takardar fili. Ɗan haya yana cikin hukuncin, mai gida yana ciki, mai get ma yana ciki.

Akwai kuma wata mas'ala a Risala da muka karanta a soro muna samari, wadda sai yanzu nake ganin nisanta. A mazhabarmu ta Malikiyya maƙwabci ba shi da shuf'a, abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba shi ne yake da ita. Hanafawa ne suka ba maƙwabci. Ma'ana, in mutumin kirkin da ka zaɓi unguwa dominsa ya sayar da gidansa gobe, ba ka da ikon cewa kai za a sayar wa, kuma ba ka da ta cewa a kan wanda zai shigo. In ɗan haya ne, takardar tashi kaɗai ta isa ta raba ku. Ashe zaɓin da muke ta wahala a kansa na rana ɗaya ne. Ka yi bincike, ka yi istihara, ka je unguwar da asuba ka ga sahun masallaci, ka koma bayan isha'i ka ga su wa suke zaune a bakin lungu, duk wannan hankali ne. Bayan haka wanda Allah ya ajiye maka a gefe shi ne rabonka, kuma a kan yadda ka zauna da shi za a tambaye ka.

Kada 'yan birni su ji daɗin maganata da yawa, don akwai tamu. Mun iya maƙwabtaka da wanda muka san kakansa. Ɗan haya kuwa, musamman in daga ƙauye ya zo ko daga wata jiha, sai ya shekara ana ce masa "baƙon gidan wane". Ba a neman shawararsa a gyaran kwata sai dai a zo karɓar kuɗi, in abu ya ɓata a lungu 'ya'yansa ake fara kallo, in ya nemi aure a ce ba a san asalinsa ba. Tuzuru kuwa ko ɗakin soro da ƙyar ake ba shi. Alhali aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta ambaci maƙwabci na nesa, wanda ba dangi ba, a jere da na kusa. Tarihin unguwanninmu ma ya isa ya sa mu ji kunya. Malaman Madabo Wangarawa ne da suka taso daga ƙasar Mali. Sharifai ta kafu da mutanen Shehu Magili, wanda ya zo zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, mai mulki daga 1463 zuwa 1499. Ayagi ta Yarbawa ce, ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Agadasawa, ga Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna. Alhasan Ɗantata, wanda sunansa ya cika Koki, a Bebeji aka haife shi. Kakannin da yawa daga masu tambayar asali a yau, a gidan fatoma suka fara sauke kaya. Da an yi musu abin da muke yi wa ɗan haya, da birnin bai cika ba.

Batun aljihu kuwa ban raba shi da addini ba. Na ga abokan aiki da suka kama gidan da ya fi ƙarfinsu don a ce a unguwa kaza suke, kowace shekara in wa'adi ya matso sai rance da adashi da ɓuya wa mai gida. Shi ma mai gidan yana da haƙƙi, kuma sau da yawa marayu ne ko gwauruwa da kuɗin hayar nan ne abincinsu. Daidai ruwa daidai tsaki. Wanda kuɗin haya ya cinye albashinsa ba shi da abin da zai zuba a kwanon maƙwabci, ba shi ma da sakin fuskar da zai gaishe shi da ita. Ni na sabunta hayata a Mandawari, kuma dalilina na farko shi ne ita nake iya biya ba tare da na ci bashi ba. Ƙanena yana Ɗanbare, ya fara tsayawa bayan sallar magariba ana gaisawa, ya kuma san sunayen mutanen layinsu.

Abin da nake roƙon limamanmu da masu unguwanni ƙarami ne, ba ya cin kuɗi. A masallatan unguwa ana sanar da ɗaurin aure da suna da rasuwa. A ƙara da sabon ɗan haya. Ranar da ya tare, liman ya juyo bayan sallama ya ce ga Malam wane, ya sauka a gidan wane, sana'arsa kaza, daga yau namu ne. Jama'a su miƙa masa hannu, a san ƙofarsa, shi ma ya san tasu. Wanda aka gabatar a gaban sahu zai ji nauyin ya cuci unguwa, unguwa ma za ta ji nauyin ta bar shi ya kwana da yunwa ko da mara lafiya ba wanda ya leƙo. A yi haka a Mandawari, a yi a Ɗanbare, don can ɗin ma sun fi mu bukata.