Masu Gani Ba A Ganinsu

A farkon shekarar 2012, a wani taron masana da ake kira TED a ƙasar Amurka, Gary Kovacs, wanda yake shugabantar kamfanin Mozilla a wancan lokaci, ya haska wa mahalarta hoton masu bin sawunsa a cikin intanet. 'Yar ƙaramar manhajar da ta zana hoton, wadda wani injiniya mai suna Atul Varma ya rubuta shekara guda kafin nan, sunanta Collusion, daga bisani a 2013 aka sake mata suna Lightbeam. Aikinta kuwa guda ɗaya ne tak: duk sa'ad da mutum ya buɗe wani shafi, sai ta ɗiga alama domin shafin, sa'an nan ta ɗiga wata domin kowane kamfani da ya samu labarin zuwansa alhali shi bai kai masa ziyara ba. Kovacs ya ce ya yi wuni guda yana harkokinsa yadda ya saba, kafin dare ya yi masu tattara labarinsa sun haura 150, galibinsu ba tare da izininsa ba.

Wanda ya taɓa liƙa Lightbeam a burauzar Firefox ya san yadda abin yake. Allo ne mai duhu. Da ka buɗe jarida guda sai wata da'ira ta bayyana, kafin ka gama karanta kanun labari ƙananan alamu masu kusurwa uku sun fara tsirowa a gefenta, biyar, goma, ashirin, kowace da zaren da ya haɗa ta da da'irar. Ka bar jarida ka tafi shafin masu sayar da takalma, daga can ka leƙa wani mai bayanin ciwon suga, sai ka ga waɗansu daga cikin alamun nan sun miƙa zare zuwa ga dukkan ukun. Jarida ba ta san ka je neman takalmi ba, mai takalmi bai san ciwonka ba, amma wancan da ke tsakiya ya san duka, ya kuma san mutum ɗaya ne ya yi tafiyar uku.

Sababin haka shi ne shafi ba daga wuri ɗaya yake zuwa ba. Rubutun yana fitowa daga gidan jarida, talla daga wani kamfani dabam, maɓallin yaɗa labari daga Facebook, ma'aunin ƙidayar masu karatu daga Google, kuma kowannensu sai burauzarka ta aika ta karɓo shi, a cikin aiken nan kuwa takan faɗi adireshinka na intanet da shafin da kake kai. A 1994 wani ma'aikacin kamfanin Netscape, Lou Montulli, ya ƙago 'yar alamar nan da ake kira kuki, domin shafi ya riƙa tuna wanda ya zo masa, kada mai saye ya rasa abin da ya zuba a kwando. Niyya ce mai kyau, sai dai masu talla ba su daɗe ba suka gane cewa in tallarsu tana cikin shafuka dubu, kuki guda zai shaida musu mutum a duka dubun. A kan wannan dabara aka gina DoubleClick, kamfanin da Google ya ƙulla cinikinsa a 2007 a kan dala biliyan 3.1. Yau kuma, a ɗan taƙin da shafi ke buɗewa, akan yi gwanjon gurbin talla tsakanin kamfanoni masu yawa, ana shelanta musu ko wane irin mutum ne ya zo. Ko an share kuki ba a kuɓuta ba, gama a 2010 ƙungiyar EFF mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta gwada burauzoji kimanin 470,000, ta tarar fiye da kashi 83 cikin ɗari kowace tana da kamannin da ba ta tarayya da kowa a cikinsu, daga girman allo da nau'in haruffa da makamantansu.

To, mene ne hukuncin wannan al'amari a wurin mai neman sanin halas da haram? Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta jera abubuwa uku ta hana su: yawan zato, da tajassusi, da giba. Imamu Gazali, a cikin littafinsa Ihya'u, ya lura cewa tajassusi ɗa ne na mugun zato, domin zuciya ba ta wadatuwa da zato sai ta nemi tabbaci. Ni kuwa ina ganin kasuwar nan tana bin jerin ayar daki-daki, tana kintatar halin mutum, ta bi shi ta tabbatar, sa'an nan ta kai labarinsa gaba a bayan idonsa. Suratun Nur ta wajabta neman izini kafin shiga gidan wani, hadisin da Buhari ya ruwaito kuma ya bayyana cewa saboda gani aka shar'anta iznin, a kan ƙissar mutumin da ya leƙa ɗakin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wata kafa. Har muhtasibi, wanda hukuma ta naɗa domin hana munkari, Mawardi da Gazali sun ɗaure masa hannu: abin da ya bayyana shi ne nasa, abin da aka rufe wa ƙofa ba shi da ikon tono shi, sai fa in amintacce ya ba shi labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar a ce an keɓe da wani za a kashe shi. Idan an hana wanda manufarsa kare addini, ina ga wanda manufarsa sayar da takalmi? Wannan ƙiyasi ne na abin da ya fi cancanta, ba ya bukatar dogon nazari.

Kakanninmu sun gina wannan hukunci da ƙasa da azara. Baƙo a zaure yake tsayawa ya yi sallama, kuma magina sukan kauce da ƙofar ciki daga saitin ta waje, domin kada idon mai wucewa ya zarce tsakar gida. Shafin da ka buɗe shi ne baƙon da ya yi sallama ka amsa; abin da Lightbeam ta nuna shi ne cewa ya shigo da mutum ashirin a ƙarƙashin babbar rigarsa, babu wanda ya yi sallama a cikinsu, kuma da ya tafi su ba su tafi ba.

Akwai hujjoji da ake kawowa domin sassauta lamarin, kuma ba duka ne na banza ba. Akan ce ai babu ido a nan, na'ura ce ke ƙidaya, ita kuwa ba ta da sha'awa balle ta yi dariyar aibin wani. Gaskiya ne mafi yawan abin da ake tarawa ɗan Adam ba zai taɓa karanta shi ba. Amma illar haramcin ita ce fitar sirrin mutum daga hannunsa zuwa hannun wanda bai amince masa ba, ido kuwa hanya ce kawai daga cikin hanyoyi, kuma abin da aka rubuta aka ajiye ya fi abin da aka hanga haɗari, domin mai hange yana mantawa. A watan Nuwamba na 2020 mujallar Motherboard ta wallafa cewa Muslim Pro, manhajar da miliyoyin Musulmi ke duba lokutan salla da alƙibla da ita, tana tura bayanan wuraren da masu amfani da ita suke zuwa ga wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, wanda a cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar rundunar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja, suka kuma ce sun yanke hulɗa da dillalin. Ko da an karɓi maganarsu yadda take, abin da ya rage ya isa: mutumin da ya ba da wurin zamansa domin a nuna masa Ka'aba bai san ta hannun mutum nawa labarin zai bi ba.

Akan kuma ce ai mutum ya yarda, tun da ya danna maɓallin amincewa. Masu bincike biyu na Jami'ar Carnegie Mellon sun lissafa a 2008 cewa in Ba'amurke zai karanta sharuɗɗan sirri na duk shafukan da yake shiga, zai ci sa'o'i kimanin 244 a shekara. Malamanmu na fiƙihu ba su inganta cinikin da ba a san abin sayarwa ba, sun kira shi garari, ko da ɓangarorin biyu sun ce sun yarda, domin yarda reshe ce ta sani. Wanda bai san me za a ɗauka ba, bai san wa za a ba ba, bai san tsawon zamanin da za a riƙe ba, dannawarsa ta fi kama da sa hannun jahili a takardar da ba a karanta masa ba.

Hujjar da ta fi yawo a bakin mutanen kirki kuwa ita ce wai wanda ba ya aikata laifi ba shi da abin ɓoyewa. A nan ina ganin an jahilci ma'anar sutura. Aya ta 58 a Suratun Nur ta keɓe lokuta uku, gabanin sallar asuba, da tsakar rana sa'ad da ake tuɓe tufafi, da bayan sallar isha'i, ta umarci har yaran gida da su nemi izini a cikinsu. Abin da ke bayan ƙofar nan halas ne tsantsa, amma duk da haka an kira shi al'aura. Bashin da ke kan mutum, da rashin haihuwar da yake nema wa magani, da mas'alar saki da matarsa ta bincika da tsakar dare, da shakkar da ta ɗarsu a zuciyar ɗalibi ya tafi neman amsarta, babu zunubi a cikinsu ko ɗaya, kuma babu mai mutunci da zai so a jera su a kasuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matsayin da waɗannan kamfanoni suka hau, wato su gani ba a gan su ba. A cikin aƙidarmu wannan siffa ta Ubangiji ce, ya kuma ba mala'iku wani rabo daga gare ta, sa'an nan aya ta 27 a Suratul A'araf ta ambaci irinta ga Iblis da rundunarsa a matsayin gargaɗi. Ba ina nufin ma'aikatan nan shaiɗanu ba ne, galibinsu masu neman abinci ne kamar kowa. Nufina shi ne matsayi ne da ba a halicci ɗan Adam ya riƙe shi a kan ɗan'uwansa ba. Musulmi ya tashi da sanin cewa ana rubuta aikinsa, wannan bai taɓa zama masa baƙon abu ba, har wani yakan ce tun da mala'iku suna rubutawa, mene ne don Google ya rubuta? Sai dai a duba sharuɗɗan wancan littafi. An sanar da bawa tun farko cewa ana rubutu, an gaya masa abin da ake rubutawa, marubutan an siffanta su da karamci, ba a sayar da littafin ga kowa, shi mai shi ne za a miƙa wa ya karanta da kansa, kuma tuba tana shafe abin da ke ciki. Har ya inganta a hadisi cewa Allah zai kusanto da mumini ya suturta shi, ya tuna masa zunubansa tsakaninsa da shi. Daftarin 'yan talla ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutumin da ya yi shekara yana caca ya tuba, tallan caca ba ya daina binsa, domin daftarin bai san tuba ba, abin da ya sani shi ne wanda ya taɓa yi zai iya komawa, ribar ma a komawar take. Turawa sun ɗan taɓo gefen wannan mas'ala a 2014, sa'ad da kotun Tarayyar Turai ta ba wani ɗan Sifen gaskiya a kan Google, cewa a daina fito da sanarwar gwanjon kadararsa ta 1998 in an nemi sunansa, tun da bashin da ya jawo gwanjon ya daɗe da warwarewa.

Amfanin hoto irin na Lightbeam, a ganina, shi ne ya mayar da gani ya zama daga ɓangarori biyu, wanda kuwa ya ga mai leƙensa ya samu damar rufe taga. Riƙon sababi a nan ba shi da wuya. Burauzar Safari ta fara taƙaita masu bin sawu a 2017, Firefox ta mayar da toshe su ya zama asali a 2019, akwai kuma ƙananan manhajoji irin su Privacy Badger da uBlock Origin. Chrome, wadda ta fi kowace yawan jama'a, mai ita, wato Google, shi ne babban ɗan tallan duniya. Ya yi alkawari a 2020 zai kawar da kukin kamfanonin waje, ya yi ta ɗagawa, a 2024 ya janye. A kuma sani cewa tagar ɓoye da ke cikin burauza mutanen gida take ɓoye wa tarihin lilo, shafukan da ake shiga suna ganin mai ita sarai. Hukumomi ma sun motsa, Tarayyar Turai da dokarta da ta fara aiki a 2018, Najeriya da dokar kare bayanai ta 2023, kuma a 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook, tarar dala miliyan 220.

Saura waɗanda ba a cika yi musu magana ba, wato masu shafukan kansu. Kamfanin waje ba ya hauro katanga. Mai shafi ne yake kwafo 'yan layukan rubutun da aka ba shi ya liƙa da hannunsa, domin kuɗin talla ko domin ya san yawan masu karatunsa. Wannan ya haɗa da jaridunmu na Hausa, da shafukan da ake tara fatawoyi da karatuttukan malamai. Mai tambaya ya zo ne bisa amana, kamar yadda zai keɓe da malami bayan karatu ya yi ƙasa da murya. Ya kamata majalisun fatawa su zauna da masu sanin wannan fanni, a buɗe musu shafi guda na tambayoyin aure da saki a nuna musu kamfani nawa ne ke samun labarin wanda ya buɗe shi, sa'an nan su duba ko kuɗin tallan da ke shigowa ta wannan hanya ya halatta a ci.