Ina Allah Yake Sa'ad da Rumbu Ya Ƙare?

Karatu: Ayuba 42:1-9; Yahaya 11:17-44

Cikin wasiƙun da masu sauraro suke aiko mana akwai tambaya ɗaya da ba ta yankewa. Wani ya rubuto bayan ya binne matarsa, wata kuma bayan ruwa ya rushe mata ɗaki. Tambayar ita ce: in Allah Mai Iko Dukka ne, in kuma yana ƙaunarmu, don me ya bar mugunta da wahala a duniya? Ko dai yana so ya hana amma bai iya ba, ko kuwa ya iya amma bai so ba. Wanne ne a ciki?

Ni ma an taɓa yi mini wannan tambaya ido da ido. A shekarar 2004 fara ta sauka a ƙasarmu Nijar, ruwa kuma ya ɗauke da wuri a wurare da dama. Kafin damina ta 2005 ta yi nisa, rumbuna sun zama fanko. A yankunan Maraɗi, Tawa da Damagaram mutane suka koma cin anza da ganyayen daji. Lokacin ina saurayi, ban daɗe da gama makarantar Littafi Mai Tsarki ba, ina aikin bishara a wani ƙauye. Matar wani dattijon ikilisiyarmu ta rasa autanta, ɗan shekara biyu. Yunwa ce ta raunana shi, zazzaɓi ya ƙarasa shi. Na je gaisuwa, na ce mata, "Mama, ki yi haƙuri, Allah yana da dalilinsa." Ta ɗago kai ta dube ni, ta ce, "Malam, da kai ne kake da rumbu cike da hatsi, ka ji kukan yaron nan, da ka tsaya neman dalili?" Na rasa abin faɗa. Shekara ashirin ke nan ina juya maganar nan a zuciyata, abin da na samu kuma shi nake so in raba da ku yau.

Da fari, yin wannan tambaya ba zunubi ba ne. Annabi Habakuk ya soma littafinsa da tambayar Ubangiji har yaushe zai yi ta kuka ba a amsa masa. Zabura cike take da irin wannan koke. Wanda yake kawo ƙararsa gaban Allah bai rabu da Allah ba, gama mutum ba ya kai kuka ƙofar da ya san babu kowa a ciki. Saboda haka, ɗan'uwa, in kana da wannan tambaya, kada ka ɓoye ta don kunyar mutanen ikilisiya.

Na biyu, wani babban kashi na wahalar duniya daga hannun mutane yake fitowa. Littafin Farawa ya nuna mana Allah ya yi kome da kyau. Wani malamin ikilisiya mai suna Agustin, wanda ya yi aiki a garin Hifo cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya kuma rasu a shekara ta 430, ya koyar cewa mugunta ba halitta ba ce mai zaman kanta, lalacewar abu mai kyau ce. Ku duba huda a jikin tulu. Maginin tukwane bai gina huda ba, tulu ya gina. Hudar ɓarna ce da ta sami aikinsa. Allah ya ba mutum ikon zaɓi, domin ƙaunar dole ba ƙauna ba ce. Amma hannun da zai iya miƙa abinci, shi ne kuma zai iya kulle sito. A 2005 akwai hatsi a kasuwanni, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Karin Magana 11:26 ta yi magana a kan mai ɓoye hatsi, Amos sura 8 kuma ta tsawata wa masu rage mudu su ƙara kuɗi. Kada mu ɗora wa Allah kayan da mu muka ɗaure.

Amma in na tsaya a nan, na yi muku rowar gaskiya. Fara ba ta da ikon zaɓi. Gajimare bai yi shawarar tafiya da ruwansa ba. Yaron nan bai ɓoye wa kowa tiya ɗaya ta hatsi ba. Ko a inda mutum ne ya yi muguntar, ai Allah yana gani, yana kuma da ikon riƙe hannunsa. Manzo Bulus, cikin Romawa sura 8, ya kwatanta halitta duka da mace mai naƙuda, tana nishi tana jiran ranar kuɓuta. Wannan ya nuna mana duniya ba ta kan yadda aka shirya ta tun farko. Duk da haka bai faɗa mana don me masifa ta shiga wannan gida ta tsallake na maƙwabci ba.

A nan ne yawancinmu muke tuntuɓe, mu soma neman laifin wanda abin ya sama. Abokan Ayuba, wato Elifaz, Bildad da Zofar, sun yi daidai kwana 7 da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki sai suka dage lalle akwai zunubin da ya ɓoye. A ƙarshe Ubangiji ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba, har sai da Ayuba ya yi musu addu'a. Yesu ma ya rushe wannan tunani. Cikin Luka sura 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya nuna ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Cikin Yahaya sura 9 ya ƙi yarda cewa zunubin makahon nan ko na iyayensa ne ya jawo makantar. Wanda ya je gidan makoki da lissafin zunubi ya ƙara wa ciwo gishiri.

Gaskiya ne akwai lokacin da Allah yakan juya mugunta ta zama alheri a gaban idonmu. 'Yan'uwan Yusufu sun sayar da shi da mugun nufi, ta wurinsa kuma aka ceci mutane masu yawa cikin yunwar shekara 7. Amma Yusufu ya ga ƙarshen labarinsa, Ayuba kuwa ba a taɓa gaya masa abin da ya sa ya sha wahala ba. Allah ya nuna masa girman halitta, har Ayuba ya gane saninsa kaɗan ne. Rashin ganin dalili bai tabbatar da cewa babu dalili ba. Sai dai kuma bai ba ni izinin ƙirƙiro dalili in miƙa wa mai makoki ba, kamar yadda na yi wa Mama.

To, in ba a ba mu dalili ba, bisa ga me za mu amince cewa Allah yana ƙaunarmu? Ku dubi Yesu a bakin kabarin Li'azaru. Marta da Maryamu, kowacce ta tare shi da magana ɗaya, cewa da yana nan da ɗan'uwansu bai mutu ba. Wannan ita ce tambayar Mama. Yesu bai tsawata musu ba. Ya san zai tashe shi nan da ɗan lokaci, duk da haka hawaye suka zubo masa. Hausawa suna cewa jiki magayi. Allahn da muke bauta wa ya ɗauki jiki. Ya ji yunwa kwana 40 a jeji, amininsa ya bashe shi, aka yi masa shari'ar zalunci, ya ji ƙishi a kan gicciye. Uba kuma ya san zafin mutuwar Ɗa.

Da Mama za ta sāke tambayata yau, da na ce mata: Mama, ban san don me aka ɗauki autanki ba. Amma Mai rumbun bai zauna nesa yana kallo ba. Ya sauko ya kwanta inda ɗanki ya kwanta, a rana ta uku ya tashi. Gicciye ya hana ni cewa bai so ba, kabarin da aka tarar babu kowa ya hana ni cewa bai iya ba. Abin da ya rage tsakanin biyun nan shi ne jira, har ranar da Wahayin Yahaya sura 21 ta faɗa, sa'ad da mutuwa da kuka za su ƙare.

Jiran nan kuwa ba na naɗe hannu ba ne. Sa'ad da aka yi annabcin yunwa a zamanin Sarki Kalaudiyas, masu bi na Antakiya ba su zauna gardama a kan dalili ba. Kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, aka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. A ƙauyen nan namu, bayan girbin 2005, matan zumunta suka soma ware ɗan hatsi kowace Lahadi domin gidajen da za su rasa a tsakiyar damina. Mama ce ta riƙe mabuɗin ɗakin ajiyar. In kuma aka yi rasuwar yaro a garin, ko gidan Kirista ko na Musulmi, ita ce take fara isa, ta shimfiɗa tabarmarta kusa da uwar, ta zauna. Ban taɓa jin ta faɗa wa kowa dalili ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wa yake cikin wahala kusa da kai a wannan mako? Je ka zauna da shi. In akwai abu a rumbunka, kada ka tafi hannu wofi.

Addu'a: Ya Uba, akwai abubuwa da yawa da ba mu gane ba. Ka gafarta mana inda hannunmu ya jawo wa wani wahala, da inda bakinmu ya ƙara wa wani ciwo. Ka ta'azantar da masu makoki, ka ciyar da masu yunwa, ka yi amfani da mu cikin wannan aiki. Ka riƙe bangaskiyarmu har ranar da za mu ga fuskarka. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.